Kan Kyauta da Bakin Lantana

Talata Mafara,
bayan Babbar Sallah, 1979

Zuwa ga Yaya Lantana, a Damri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Shehu da yara. Yaya aka ji da hidimar Sallah? Ni lafiyata lau, aikin tuƙin tifa yana nan yadda kika sani, daga ramin tsakuwa zuwa bakin madatsa. Wadda ba ta da lafiya ita ce matata, ƙanwarki Kyauta, kuma ke kika jawo mata.

Ni ɗan kawunki ne, akwai wasan taubasai tsakaninmu, kin saba yaɓa mini magana ina dariya. To, wannan takardar babu wasa a cikinta.

Kyauta ta je miki yawon Sallah da kanta lafiya lau. Ta dawo da kitso baƙi wuluk yana sheƙi, har na yaba, don ban san abin da aka zuba a ciki ba. Washegari ta tashi da ƙaiƙayi. Kafin la'asar goshinta ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, bayan kunnuwanta yana tsatsar ruwa. Sai da na matsa mata sannan ta ce ba shuni kika sa mata ba, wani garin rini ne na kwalba da ake kira dayis, irin wanda 'yan koli suke bazawa a kasuwar Talata kusa da maganin ɓera.

Yaya, Kyauta tana da ciki wata uku. Kin fi kowa sanin cewa biyu sun zube mata a baya, kin kuma san yadda na biyun ya kusa tafiya da ita. Abin da ya iya kumbura kan babba, me zai yi wa wanda ke cikin ciki? Shuni da man shanu da iyayenmu suka yi ado da su, me suka rasa? Ke mai kitso ce tun ina yaro, ban taɓa jin kin raunata kowa ba, sai a kan matata za ki koyi sabon aiki?

Idan wani abu ya sami cikin nan, ban san da wane ido zan dube ki ba. Na ba Labaran mai motar kasuwa wannan takarda, ki ba shi amsa.

Ni ne,
Bawa.

*

Damri,
ranar da takardarka ta iso

Zuwa ga Bawa.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana amsawa. Ka ce da Kyauta ina yi mata sannu, ta wanke kan da ruwa mai yawa, kada ta sosa, kuma ka kai ta asibiti maimakon ka zauna kana rubuta mini rashin kunya.

Da hannuna nake rubuta wannan, ajin yaƙi da jahilci ya yi mini rana, don ba na son kowa ya ji abin da zan gaya maka.

Ciki wata uku! Kuma a takardar zagi zan fara jin labarinsa? Yarinyar da na goya tun ranar da uwarmu ta rasu, na yaye ta, na wanke ta na kai ta ɗakinka? Ta kwana a ɗakina, mun ci tuwo a akushi ɗaya, na ga tana ture miyar kuka na tambaye ta, ta ce mini zazzaɓi ne. Da ta ce mini uffan, wallahi ko lalle ba zan bari ya taɓa ta ba sai na tambaya, balle abin kwalba.

Kuma bari ka ji yadda aka yi, tunda kai ba ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ba ni na kawo zancen dayis ba. Ita ta kwance ɗankwali ta ɗora kai a cinyata ta ce, "Yaya, don Allah ki ɓoye mani hurhurar ga. Matan barikin kamfani sun hana ni sakat, Gwaggo sunka sa mani suna." Ka san furfurar wuri gadonmu ce, uwarmu ma tun tana goyo kanta ya yi fari. Na ce in sa mata shuni, ta ce shuni yana ɓata matashin kai, kai kuma kana mita yana shafar maka farar riga. Ka ji? Farar rigarka. Mata da yawa na sa wa dayis ɗin nan a sallar nan, har da amarya, babu wadda ko ƙurji ya fito mata.

Ban ce ban ji ciwon abin da ya same ta ba. Amma ka amsa mini tambaya ɗaya: don me aka ɓoye mini? Kunya ce? Wace kunya, bayan na farko da na biyu duk ni ta fara gaya wa?

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Lantana.

*

Talata Mafara,
Disamba, 1979

Zuwa ga Yaya Lantana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Kyauta da sauƙi. Na kai ta asibiti, sun ba ta man shafawa da ƙwayoyi, kumburin ya sauka, sai dai fatar kan tana ta saɓulewa kuma gashin gefe ya zube. Cikin yana nan, amma ba ta barci kirki, kullum hannunta a mara tana sauraro.

Kin tambayi dalili, kuma tunda kin matsa zan faɗa. Ba kunya ba ce. Inna Taibatu ce ta hana, ni kuma ba na tsallake maganar mahaifiyata. Ta ce na farko an gaya miki, kika rangaɗa guɗa, kafin magariba duk Damri ta ji, har kina cewa namiji ne mai hancin kawu. Bai kai wata huɗu ba. Na biyu an gaya miki, kika zo Mafara da zannuwan goyo kina nuna wa maƙwabta, kina cewa wannan kam ya zauna. Shi ma ya tafi. Da na ukun ya samu, Inna ta kira mu Maradun ta ce, "Wanga karon kada Lantana ta jiya. Ba mugunta gare ta ba, amma bakinta zafi garai. Abin duk da tay yaba ba shi kai labari."

Ni ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. Abin da na gani shi ne, mun tsare shi daga bakinki, sai ga shi hannunki ya kai gare shi.

Saboda haka ga abin da aka yanke. Idan Allah Ya kai cikin wata bakwai, Kyauta ba za ta zo Damri goyon ciki ba. Za ta tafi Maradun wurin Inna, can za ta haihu, can za ta yi wankan jego. Na san al'ada ta ce gidansu za ta, kuma na san tun da ruwan madatsa ya cinye garinmu ba ta da wani gida sai naki. Amma ni ɗa nake nema, ba al'ada ba.

Kada ki ɗauka da zafi.

Bawa.

*

Damri,
Janairu, 1980

Zuwa ga Bawa.

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Gulbi ya ƙafe tun da kuka toshe shi, fadamar Malam ta zama fako, albasa ko ta miya ba mu samu ba. Ban da wannan lafiya lau.

Na daɗe ban amsa ba don na ji tsoron abin da hannuna zai rubuta. Kada in ɗauka da zafi? An ce bakina ya kashe 'ya'yan ƙanwata biyu, in ɗauka da me, da sanyi? Guɗar da na yi ta murna ce, Bawa. Ni na kwana da ita a asibiti lokacin na biyu, ni na wanke zannuwan, uwarka ba ta ko leƙo ba, ta ce ƙafa ke damunta. Ashe duk lokacin nan tana zaune tana lissafa mini gawa.

Ban zauna ba. Na ɗauki kwalbar dayis ɗin na taka har Bakura, na sami malamar asibiti mai duba masu ciki na ajiye mata a kan tebur. Na ce ta gaya mini gaskiya ko da za ta kashe ni. Ta juya kwalbar, ta yi mini tambayoyi, sannan ta ce abin da aka shafa a gashi, ɗan kaɗan ne ƙwarai yake ratsa fata, kuma ita a aikinta ba ta taɓa ganin cikin da ya zube don an rina kai ba. Ta ce kumburin nan jikin Kyauta ne bai karɓi rinin ba, kamar yadda wani yake cin gyaɗa ya yi borin jini, kuma da ciki da babu ciki haka zai yi mata. Ta ce kada a sake sa mata har abada, don karo na biyu ya fi muni. Ta yi mini faɗa ni ma, ta ce kowace mace in fara ɗiga mata kaɗan a bayan kunne a bari ya kwana biyu a gani, mai ƙaramin ciki kuma gara ta haƙura sai ya yi ƙwari. Na karɓi faɗan, don nata da hujja ya zo. Sannan ta ce in gaya wa mijin, abin da ya fi kamata ya ji tsoro shi ne sauron da ke tashi daga magudanan ruwan nan naku, ya nemo mata gidan sauro.

To, dayis ya fita. Saura bakina, shi kuma ban san asibitin da ake kai shi a wanke ba.

Maganar Maradun kuwa, ka je ka dubi inda aka zuba su Inna da kyau, tun da ruwa ya ci gari. Tudun tsakuwa ne, ruwan sha sai an saya, itace sai an yi tafiya. Da me za a dafa ruwan wankan jego safe da yamma? Tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu ita za ta riƙe maijego? Ni tun da na ji labari nake tara itace a bayan ɗaki, kirya da marke, ya kusa kai katanga.

Ka bar Kyauta ta faɗi inda take so da bakinta.

Lantana.

*

Talata Mafara,
Fabrairu, 1980

Yaya Lantana,

Gaisuwa a gurguje, Labaran yana jira. Kyauta lafiya, ɗan yana motsi. Malaman asibitin nan ma abin da suka ce ke nan game da rinin. Na sayi gidan sauro.

Maganar Maradun tana nan yadda take, Inna ba ta sauya ba.

Na ji kina shirin zuwa Mafara. Kada ki zo. Ko da wasa kada ki kamo hanya.

Bawa.

*

Damri,
Afrilu, 1980

Zuwa ga Bawa.

Bayan sallama, ban san ko wannan za ta same ka ba, don ta uku ke nan ina aikowa shiru. Labaran ya daina zuwa, yanzu duk wanda na ji zai nufi Mafara sai in danƙa masa.

"Kada ki zo." Na karanta layin nan har takardar ta yage a lanƙwasa. Asibiti biyu sun wanke ni, kai da bakinka ka faɗa, amma ko "yi haƙuri" ba ta samu wuri a takardarka ba, sai kora. Ko kare aka kora daga gida ana gaya masa abin da ya ci. Na riga na naɗe kayana, na daka mata yaji da kanwa, na soya man shanu, sai ga takardarka. Na kwance kayan ina kuka, yara suna kallona.

Kuma ka sani maganar uwarka ta riga ni zuwa kasuwar Damri. Wata daga Maradun ta kawo ta, yanzu kowa ya ji Lantana mai kitso bakinta da hannunta ba su da sa'a. Masu ciki sun daina zuwa mini. Jiya wata da nake yi wa kitso tun tana budurwa ta hango ni a bakin rijiya da goyo a bayanta, na ce mata, "Kai, yaron ga ya yi ƙiba," sai ta ja zane ta rufe masa kai ta juya. A gabana, Bawa. Na dawo gida ban ɗebi ruwan ba.

Muna jin labarin manoma sun tare hanyoyi saboda gonakinsu da aikin madatsa ya cinye, an ce motocin kamfani ba sa wucewa, an ce 'yan sanda sun cika Mafara. Kowa da irin abin da yake faɗi, babu mai daɗi. Kai kana tuƙa motar kamfani, 'yan'uwanka suna cikin masu tare hanya, ƙanwata tana tsakiya da tsohon ciki. Ban sani ba ko tana Mafara, ko ka kai ta Maradun, ko cikin yana nan, ko shirun nan naka shi ne amsar.

Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ina yi maka addu'a kowace salla. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Lantana.

*

Talata Mafara,
Mayu, 1980

Zuwa ga Yaya Lantana.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ina da rai, abin da zan iya cewa ke nan. Abin da idona ya gani a watan jiya ba na takarda ba ne.

Yaya, Kyauta tana wurinki?

Rikicin nan ya rutsa da mu a can wajen madatsa, aka hana mu fita, aka hana mu aike. Da na samu na dawo gida sai na tarar da ɗaki a kulle. Maƙwabciyarmu ta ce ta ga ta fita da ƙunshin kaya ta shiga motar Labaran, ba ta ce ga inda za ta ba. Na ɗauka Maradun ta tafi kamar yadda aka tsara, na bi ta can, Inna ta ce ko inuwarta ba ta gani ba. Labaran kuma an ce ya yi Gusau da mota. Watan haihuwarta ne wannan.

A ƙarƙashin ƙofa na tsinci takardunki uku a haɗe, yau na karanta su. Kin yi mini mummunar fahimta. Da na ce kada ki zo, hanya nake nufi, lokacin an fara tare motoci ana sauke mutane, ban so ki faɗa ciki ba. Sauri ya hana ni bayani. Ke ma da kin yi tunani kin san ban taɓa korar ki daga gidana ba, amma kullum ke a shirye kike ki hau.

Sauran maganganun a bar su sai mun haɗu. In tana wurinki, ki aiko mini yau. In ke kika zuga ta ta fito da cikin wata tara a wannan hanya, to Allah Ya isa tsakanina da ke. In kuma ba ta wurinki, Yaya, ban san inda zan nufa ba.

Bawa.

*

Damri,
Mayu, 1980

Zuwa ga Bawa.

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kana da rai. Ka kwantar da hankalinka ka mayar da Allah Ya isarka aljihu: matarka tana ɗakina, ta sauka lafiya ranar Laraba da hantsi, an sami mace. Uwa da ɗiya duk lafiya.

Ban zuga ta ba, ban ma san tana tafe ba. Labaran ya sauke ta a Bakura, wani mai amalanken shanu ya ƙaraso da ita. Ina tankaɗe na ɗaga kai na gan ta a bakin zaure, ƙafafu sun kumbura, kai babu ɗankwalin kirki. Na ce, "Ke da wa?" Ta ce, "Ni ɗaya. Kowa ya yanke inda za ni haihuwa, ba wanda yat tambaye ni. Ni gida niz zaka." Ka gaya wa Inna haka, kalma da kalma.

Itacen da na tara yana ci, ana wanka safe da yamma, tana shan kunun kanwa. Ta wannan gefen ba ka da abin damuwa.

Na karɓi bayaninka na hanya. Wannan layi ɗaya ne, na yafe shi. Amma akwai abin da za ka sani kafin ka zo, don kada ka ga ɗiya a hannu ka ɗauka komai ya wuce.

Da naƙuda ta tashi na kira ungozoma, ni kuma na tsaya a waje wajen tukunyar ruwa. Kyauta tana kiran sunana, ban shiga ba. Da na ji kukan jaririya, guɗa ta taso mini har maƙogwaro, na sa hannu na toshe bakina. Maƙwabta suka yi ta, ni ina hura wuta. Jiya Kyauta ta ce in yi mata kitson suna, ta ɗora kai a cinyata yadda ta saba tun tana ƙarama, furfurar duk ta dawo. Ba rini, ba shuni, kitso kawai. Na ɗauki tsinken tsaga, na kasa kai shi kanta, na ce mata yatsana ke ciwo, na aika aka kira wata mai kitso ta yi mata.

Ni ban yarda da maganar uwarka ba, Bawa, ko kaɗan. Na san Allah ke bayarwa, Shi ke karɓa. Amma kun faɗa, garin nan ya maimaita, har ta shige ni. Yanzu in na dubi yarinyar nan sai in ji tsoron kaina.

Ɗazu Kyauta ta miƙo mini ita ta ce, "Yaya, tun da anka haihe ta ba ki ce komi ba. Ki dube ta mana, ki ce wani abu." Na karɓe ta, na dube ta tun daga kai har ƙafa, na mayar mata, na ce bari in duba ruwa a wuta. Ina jin ta tana kuka a bayana.

Suna ranar Laraba ne, ka zo da ragonka. Kada ka tambaye ni kamannin ɗiyarka, ba zan rubuta ba. Ka zo ka yaba wa Kyauta ita da bakinka, tana jiran wanda zai yi, tunda nawa kun kashe shi.

Lantana.